Na'urar riƙe gudu a mota mai giyar hannu: abin da ta karɓa da abin da ta bar wa direba

A jikin sitiyarin motoci da yawa da ke yawo a Damagaram akwai maɓallan da masu motar ba su taɓa dannawa ba tun ranar da suka saye ta. Wani lokaci ƴar sanda ce a bayan sitiyari, ƙasa da ta sigina. Wani lokaci maɓallai ne masu hoton maleji da ƴar kibiya, da alamar ƙari da ragi a gefe. Na'urar riƙe gudu ke nan: ka kai motar gudun da kake so, ka danna, ka ɗauke ƙafa daga totur, ita ta ci gaba da tafiya a kan wannan gudun. Da yake motocin da aka kawo mana daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome galibinsu masu giyar hannu ne, ana yawan tambaya a gareji da tasha ko abin nan yana aiki da gaske a motar da ke da kuloci, ko kuwa na atomatik ne kawai. Yana aiki. Sai dai halinsa a mota mai giyar hannu daban ne, kuma da yawa daga abin da ake kai wa makaniki da sunan lalacewa, halin ne ba a gane ba.

Direban mota mai giyar hannu abu huɗu yake sarrafawa game da gudu: totur, birki, kuloci da giya. Na'urar nan ɗaya tak ta karɓa daga cikinsu, wato totur. Ba ta taka birki, ba ta san halin da kuloci yake ciki ba sai labarin da aka ba ta, hannunta kuma bai kai ga sandar giya ba. A mota atomatik wannan giɓin ba ya fitowa fili, domin idan na'urar ta buɗe totur sosai, akwatin giya da kansa zai sauko daga ta biyar zuwa ta huɗu ko ta uku, sai ka ɗauka na'urar ce ke da wayo. A mota mai giyar hannu babu mai rufa mata asiri. Giyar da ka bar ta a kai, da ita za ta yi ta fama, ta dace ko ba ta dace ba. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya samo asali.

Aikinta lissafi ne mai sauƙi da ake maimaitawa sau da yawa a cikin kowane sakan. Akwai ƴar na'ura da ke ƙirga juyin taya, ko a jikin akwatin giya, ko a ƙafafun mota inda birkin ABS, wato mai hana taya ƙagewa in an taka birki da ƙarfi, ke samun bayaninsa. Kwamfuta ta karɓi lambar ta gwada da wadda ka ajiye mata. In ka ce 90 ta ga 87, ta ƙara mai. In ta ga 93, ta rage. A tsofaffin motoci akwai wata ƴar tukunya mai roba a ciki da ke amfani da zuƙar iskar inji tana jan wayar totur, shi ya sa za ka ji totur ɗin yana lotsawa da kansa a ƙarƙashin ƙafarka. Motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 zuwa yau galibi ba su da wayar totur. Abin da kake takawa saƙo kawai yake aika wa kwamfutar inji, ita ke buɗe ƙofar iska a injin fetur, ko ta ƙara man da ake fesawa a injin gazuwal. A irin waɗannan babu wani ƙarfe da za ka buɗe bonet ka nuna da yatsa ka ce ga na'urar. Umarni ne a cikin kwamfuta, da maɓallai a sitiyari.

Wanda ya ƙirƙiro ta wani injiniya ne ɗan jihar Indiyana ta Amurka, Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana yaro ƙarami. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, ta kuma bazu sosai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55, kusan kilomita 89 cikin awa. A lura da inda aka haife ta: tituna masu faɗi da aka killace, babu jaki babu amalanke, motocin kuma mafi yawansu atomatik.

Zamanta da kuloci shi ne wurin da ya fi buƙatar a tsaya. A ce kana tsakanin Takieta da Tasawa a kan 100, giya ta biyar, na'ura na riƙe. Ka taka kuloci. A wannan lokacin ka raba inji da taya. Motar ta fara sassautawa saboda iska da gogar kwalta: 99, 98. Kwamfuta ta ga gudu ya ragu, sai ta yi abu ɗayan da ta sani, ta ƙara mai. Gudu bai dawo ba, tunda ƙarfin injin ba ya isa ga taya. Ta sake ƙarawa. Injin da aka sauke wa kaya kuwa ba ya jira, kafin ka ƙifta ido allurar juyin inji ta bar wajen 2,500 ta doshi jan layi. Kamar yaron maƙera ne da aka ce ya yi ta zuga har ƙarfe ya yi ja, maƙerin ya zare ƙarfen bai faɗa masa ba. Zugar zai ci gaba da yi. In ka saki kuloci injin na cikin wannan rurin, motar ta fizge ka gaba, faifan kuloci ya sha gogar da ba tasa ba.

Saboda haka ne masu ƙera mota suka sa ɗan makunni a saman kuloci, can ƙarƙashin sitiyari. Da ƙafarka ta ɗan lotsa shi, tun kafin faifan ya rabu da inji, makunnin ya sanar da kwamfuta, ita kuma ta saki totur nan take. Wannan shi ne sakin da direbobi ke kuka da shi: "Maigida, giya kawai na canza, ta saki." Kariya ce, kuma da ba ta saki ba ne ya kamata hankali ya tashi. Gudun da ka ajiye bai goge ba. In ka gama canza giya ka danna maɓallin da aka rubuta RES, ko R a wasu motocin, ta koma inda take.

Makunnin nan yana da saurin ji. Wanda ya saba ɗora ƙafar hagu a kan kuloci yana tafiya zai ga na'urar tana saki a kan hanya ba dalili, alhali dalilin yana ƙarƙashin takalminsa. Wannan ɗabi'ar ma ko ba na'ura tana cinye kuloci. Akwai kuma wata ƴar roba ƙarama da ke danna makunnin a wasu motocin. Zafin Afrilu da Mayu, da mota ke wuni a rana sama da maki 40, yana busar da ita har ta farfashe. Daga ranar kwamfuta za ta ɗauka kullum ƙafarka na kan kuloci, ta ƙi kama gudu sam.

Inda nake da damuwa shi ne yadda ake gyaran. Motoci da dama makunni biyu suke da shi a jikin kuloci: ɗaya yana aiki in ka taka har ƙasa, shi ke ba mota damar tashi, ɗayan na sama, shi ne na riƙe gudu. Idan ɗayansu ya lalace kuma ba a samu sabo ba, akwai mai gyaran wutar da zai haɗe wayoyin biyu ya naɗe da salatif, aiki ya tashi, kowa ya yi murna. In na saman aka yi wa haka, an toshe wa kwamfuta kunne ke nan: har abada za ta ɗauka ba a taɓa kuloci ba. Sababbin motoci suna da kariya ta biyu, suna gwada juyin inji da gudun taya, in suka ga inji ya tashi taya ba ta bi shi ba sai su saki, ga kuma iyakar juyi da kwamfuta ba ta bari a wuce. Tsofaffi, da waɗanda aka ɗora wa na'urar daga baya a kasuwa, ba dukansu ke da wannan ba. Wannan gyara ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kuɗin makunni bai kai kusa da kuɗin sauke akwatin giya a canza faifai ba, in kuma ba a samu makunnin ba, gara a haƙura da na'urar gaba ɗaya har a samu.

Sai kuma wani sabon hali da ya shigo. Wasu motocin na baya-bayan nan ba sa saki gaba ɗaya in ka canza giya. Suna janye mai lokacin da kulocin ke ƙasa, da ka sake shi su ci gaba da riƙe gudun da kansu ba tare da ka danna komai ba; sai in ka daɗe kana danne da shi ne suke haƙura. Abu ne mai daɗi in kana saukowa daga ta shida zuwa ta biyar a hawa. Amma ka duba direban da ke tuƙa motocin ma'aikata ko na ƙungiya, yau wannan gobe waccan. A motar da ya saba, taɓa kuloci na kashe na'urar, har ya mai da shi hanyar kashe ta. Ya shiga sabuwa, ya hango garken awaki, ya taka kuloci ya sauko giya ɗaya yana zaton ya kashe, ya saki, motar ta ɗauki mai tana neman komawa 100. Hanyar kashewa da ba ta canzawa daga mota zuwa mota ita ce birki, ko maɓallin sokewa. Kuloci ba a dogara da shi wajen wannan.

Haka batun firi. Akwai masu zare giya a gangara ba tare da sun taka kuloci ba, wai don tsimin mai. In na'urar na kunne a tsohuwar mota, wannan daidai yake da kulocin da ba shi da makunni: inji zai yi ruri. Tsimin ma babu shi, domin motar da ke fesa mai ta kwamfuta, in ta gangara da giya a ciki kuma ba a ba ta totur ba, yanke man take yi ɗungurungum, a firi kuwa dole ta ci gaba da sha don kada injin ya mutu.

Ƙasarmu a ido shimfiɗe take, amma inji ya san ba haka ba ne. Akwai doguwar hawa mai laushi da ba ka ganinta, akwai buhunan gero a baya da kaya a kan rufi, akwai na'urar sanyaya mota, akwai iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas tana bugun ƙirjin motar wanda ya nufi Tanut ko Gure. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba. Tsakanin 80 da 110 kusan ninkawa take yi. Duk waɗannan nauyi ne, kuma amsar na'urar ɗaya ce: ta buɗe totur. Da ƙafarka ce a kai, da ka ji ka kusa kai shi ƙasa motar ba ta amsawa, hannunka ya tafi ga giya tun kafin ka yi tunani. Ƙafar direba ma'auni ce, ita ke gaya masa irin wahalar da inji ke sha. Na'urar riƙe gudu ta ɗauke wannan ma'aunin. Za ka iya yin kilomitoci totur a buɗe har ƙarshe, a giya ta biyar ko ta shida, juyin inji yana ƙasa, ba ka sani ba. Injin da ake tilasta wa jan nauyi a ƙaramin juyi yana ɗaukar zafi, na fetur ya fara ƙwanƙwasa, na gazuwal ya tsoho ya yi baƙin hayaƙi, kulocin da ya fara gajiya kuma a nan yake fara zamewa.

To tunda ƙafa ta daina ba da labari, sai a saurara da kunne da ido: gunji mai nauyi daga gaba, karkarwa a sitiyari ko sandar giya, maleji yana sauka alhali ba ka taɓa komai ba, allurar zafi ta fara gusawa. Maganin shi ne ka sauko giya ɗaya tun a gindin hawan, ka mayar da na'urar. In ka bar ta, a ƙarshe da kanta za ta ajiye aikin. Motocin Toyota da yawa suna saki in gudu ya faɗi kimanin kilomita 16 ƙasa da wanda aka ajiye, kuma a wannan sakin suna mance lambar, sai ka sake ajiye sabuwa. Sakin yana zuwa ne a tsakiyar hawa, lokaci ɗaya, wataƙila da babbar mota a bayanka.

A gangara lamarin gajere ne. Iyakar abin da na'urar za ta iya shi ne ta rufe totur. Giya ta biyar ba ta riƙe mota sosai, don haka gudu zai wuce abin da ka ajiye, wasu motocin lambar ta riƙa ƙyaftawa a allo don ta tuna maka. Birki da saukar da giya naka ne.

Maɓallin RES shi na fi jin tsoro a hanyoyinmu. Ka ajiye 110 a daji. Ka iso Mirya ranar kasuwa, ka taka birki, na'ura ta saki, ka sauko giya ta uku kana tafiya a kan 45 tsakanin ƴan kabu-kabu da masu talla. Lambar 110 tana nan a ajiye. Yawancin motoci suna yarda na'urar ta kama daga wajen kilomita 40, wasu daga 30, wasu na Faransa kuma sai a giya ta uku ko ta huɗu. Ke nan a kan 45 ɗin nan ƙofa a buɗe take. Yatsa ya goga maɓallin wajen juya sitiyari, motar ta zabura da ƙarfin giya ta uku tana neman 110 a tsakiyar mutane. Kafin shiga kowane gari, a kashe ta daga babban makunninta. Wannan shi ke goge lambar a yawancin motoci. Bayan an fita gari kuma, a kai motar kusa da gudun da ƙafa, a shiga giyar da ta dace, sannan a miƙa mata. In ka danna RES daga 50 a giya ta biyar, ka sa inji jan da ba zai iya ba. In ka danna a ta uku ka mance, zai kai ka 110 yana kururuwa.

Tana tsimin mai? A shimfiɗaɗɗiyar hanya mara cunkoso, ta fi ƙafar da ke hawa da sauka tsakanin 80 da 120. A hanya mai tudu da kwari, direban da ya iya yana barin gudu ya ɗan ragu a hawa ya karɓe shi a gangara, ya fi ta tsimi, domin ita lambarta kawai take karewa. Abin da ya fi tasiri a kan tanki shi ne lambar da ka zaɓa da giyar da ka bar ta a kai.

Ban raina amfaninta ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Agadas wajen 450. Duk wanda ya yi irin wannan tafiya ya san yadda ƙafar dama ke ƙagewa, ya kuma san yadda gudu ke hawa a hankali a hanya miƙaƙƙiya ba tare da ka lura ba. Na'urar tana maganin duka biyun. Abin da take karɓa a madadi shi ne faɗaka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Strasbourg ta Faransa a 2013 ya nuna gyangyaɗi na ƙaruwa, saurin mai da martani kuma na raguwa, ga direbobin da ke amfani da ita. A kan 100, mota na cin kusan mita 28 a kowane sakan. Direban da ƙafarsa ke kan totur, in ya hango raƙumi a bakin hanya, abu na farko da jikinsa ke yi shi ne ɗage ƙafa, mota ta fara sassautawa tun kafin ya yanke shawarar taka birki. Mai na'ura ba shi da wannan matakin. Motarsa na ci gaba da shan mai har sai ƙafarsa ta iso birki, kuma in ya naɗe ta a gefe ko ya cire takalmi, tafiyar ta yi nisa. Wanda barci ya sace kuwa, ƙafarsa ba za ta saki komai ba. Don haka da dare, ko inda rairayi ya hau kwalta, ko ranar ruwa a Agusta, ko cikin hazon hunturu, ko inda ramuka suka yi yawa, ban ga wurinta ba.

Wasu motocin da suka fara shigowa suna da rada a gaba, suna auna tazarar motar da ke gabansu, su rage gudu, har su taka birki. Ana samun irinsu da giyar hannu. Birkin suna iya takawa, giyar ba sa iya saukarwa, don haka za su nuna maka a allo ka sauko, in gudu ya yi ƙasa sosai su yi ƙara su saki don kada mota ta mutu. Ba a gina su don gane jaki da ke tsaye ko amalanken da ke ƙetarewa ba, ƙura ko laka a fuskar radar kuma na iya makantar da su.

Akwai ƴar'uwarta da ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mu: na'urar ƙayyade gudu, wadda ke zuwa tare da ita a motocin Peugeot, Renault da Citroën da wasunsu, sau da yawa a kan sanda ɗaya da alamar LIM. Ita ƙafarka na nan a kan totur, kai ke tuƙi, ka ɗage mota ta sassauta, ka canza giya yadda kake so ba ruwanta. Abin da take yi kawai ta hana ka wuce lambar da ka sa. In ana buƙatar wuce tirela, ka taka totur har ƙasa ka wuce ɗan taurin da ke ƙarshensa, ta ba ka hanya. Sai dai ita ma ba ta taka birki a gangara. A hanyar Magarya ko ta Matamaye, inda ƙauye ke bin ƙauye, ita zan zaɓa.

In na'urar ta ƙi kamawa, kada a fara zargin kwamfuta. A duba makunnin birki tukuna, domin shi ne ya fi lalacewa, a duba fitilun birki, tunda a wasu tsofaffin motoci ƙonewar ƙwai kaɗai na hana ta aiki. Sai makunnin kuloci da robarsa, sai fitilar ABS ko ta inji in tana kunne a allo, sai tiyon iska a masu tukunya. In an canza tayoyi zuwa manya, lambar da take riƙewa ba ita ce ainihin gudun ba, motar ta fi abin da maleji ke nunawa.

Wanda zai sayi mota, ko ya karɓo ta daga gyara, ya gwada a hanya mara kowa da rana. Giya ta huɗu, gudu 60, ya ajiye. Ya ɗan taɓa birki, ya tabbata ta saki. Ya mayar, ya danna maɓallin sokewa. Ya sake mayarwa, ya taka kuloci idonsa na kan allurar juyin inji, ƙafar dama a shirye a kan birki, sannan ya saki kulocin ya ga ko irin mai komawa da kanta ce. In allurar ta tsaya ko ta sauka, makunnin na aiki. In ta tashi, ya taɓa birki, ya kashe na'urar daga babban makunni, kada ya sake kunna ta sai an leƙa ƙarƙashin sitiyari an ga abin da aka yi wa wayoyin.